MIT OpenCourseWare: gwada kwas ɗin fiziks kafin ka yi masa rajista

Ɗaliban injiniyan injuna a Sakkwato sukan zaɓi kwas ɗin fiziks na ƙari ne saboda sunansa ya burge su, sai tsakiyar samista a gane an ɗauko dala ba gammo. Shafin OpenCourseWare na jami'ar MIT da ke Amurka yana maganin wannan, kuma kyauta ne, ba a ma buɗe asusu.

A MIT, duk darussan fiziks da lamba 8 suke farawa. Wanda ya fi biyan buƙatar mai karatun injuna shi ne 8.03, na girgiza da igiyoyi. A nan za ka fahimci abin da ya sa fanka ko famfo ke jijjiga har ƙusoshi su kwance idan saurin juyawarsa ya dace da girgizar jikin ƙarfen, da yadda ake kashe ta. Duk mai fatan aiki a kamfanin siminti na Kalambaina, inda manyan injuna ke juyawa dare da rana, da wannan zai ci abinci. Bidiyonsa cikakke ne, da tambayoyin gwaji.

8.04, fiziks na kwantum, wato na halayen ƙananan ƙwayoyi irin zarra, daɗin kallo gare shi, amma sai in hankalinka na kan farantan sola, irin binciken Cibiyar Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo. MIT kanta ba ta barin ɗalibi ya ɗauke shi sai ya wuce 8.03 da 18.03, kwas ɗin lissafi na differential equations. Haka ma 8.044, wanda ke bayanin zafi daga motsin ƙwayoyin zarra.

Kallon lacca kaɗai yaudara ne, malamin na warwarewa kana gyaɗa kai. Sauke takardar tambayoyi ta farko da ta uku na kwas ɗin da kake so, ka zauna da biro awa 2. In ko rabi ba ka iya taɓawa ba, lissafinka ne da saura, koma 18.03 tukuna.

Aibinsa? Ba takardar shaida, ba mai duba aikinka, wasu darussan kuma ba bidiyo ko amsoshi. Lacca ɗaya takan wuce awa guda, ga cin data. In ka rage ingancin hoton sosai kuma, rubutun allo ya dushe, ba ka bambance 2 da z. Sannan manhajarsu ba lallai ta zo daidai da ta sashenku ba, don haka karɓi jadawalin kwas ɗin wajen malamin da zai koyar, ka jera su gefe da gefe.