Gargaɗi ga masu kamun kifi da fatsa: a kula da mai sayar da inji cike da zare

Assalamu alaikum 'yan uwa masu zuwa su a madatsun ruwan Daberam da Sabke, har da na Ajiwa da Zobe. Akwai wani mutum da ke tallar sandar fatsa ta zamani da injin naɗe zarenta a Facebook da WhatsApp. Cewa yake injin ya zo cike da kitsattsen zare mita 300, a tura kuɗi shi kuma ya bayar a mota. Don Allah kada wani ya ƙara tura masa ko sisi.

A gabana aka warware wanda wani ƙanena ya saya nan Daura. Abin da ke sama bai kai mita 40 ba. Ƙarƙashinsa duk tsohon zaren roba ne wanda rana ta gama cinyewa, da hannu ma tsinkewa yake. Da aka kira mutumin sai ya ce ai haka ƙwararru ke yi, shimfiɗa ce. Daga nan ya kashe waya.

Wannan amsar tasa ta fi komai ƙona mini rai, domin gaskiya ya ɗauko ya rufe cuta da ita. Tabbas ana yin shimfiɗa. Kitsattsen zare santsi gare shi, in ka ɗaura shi kai tsaye a kan kwarkwaron inji, ranar da babban tarwaɗa ya ja sai zaren gaba ɗaya ya riƙa juyawa, kana murzawa ba ya naɗuwa. Shi ya sa ake fara naɗa sabon zaren roba ya kama ƙarfen, a ƙulla su biyun da ƙulli mai kyau, sannan a naɗa kitsattsen da tauri, ana riƙe shi da jiƙaƙƙen tsumma, har ya rage kamar milimita 2 ko 3 ya kai baki. Mai son rage tsada yakan ƙara shimfiɗar, amma da saninsa, kuma kuɗin abin da ya samu ya biya. Wannan kuwa manyan tumatir ya jera a saman kwando.

Shi kansa na saman ma jabu ne. Na gaske da zaren foliyetilin, wani nau'in roba mai ƙarfi, ake kitsa shi, galibi sili 4 ko 8, siriri ne ga ƙarfi, kuma kusan ba ya miƙewa. Yanki ɗan guntu ka tsoma a kofin ruwa ya jiƙe sosai: na gaske tasowa yake, nasa kuwa ƙasa ya zauna. Da muka murza shi tsakanin yatsu, nan take ya fara gashi, ya fi kama da zaren ɗinkin takalmi da aka rina kore.

Yawancin masu faɗawa tarkonsa samari ne da suka daɗe suna tara kuɗi don su bar gora da zaren hannu, abin tausayi. Ku sayi zare daban a rufe cikin kwalinsa, a naɗa a gabanku. In kuwa inji ya zo a cike, mai shi ya yarda a warware kafin kuɗi su fita. Wanda ya riga ya tura, ya adana shaidar turawar da lambar asusun, ya kai wa bankinsa da 'yan sanda, ya kuma sanar da sarkin ruwan wurin da yake su don labari ya isa ga waɗanda ba sa hawa intanet.