Sharhi kan darasin "Blockchain and Money" na MIT

Wanda ke neman a faɗa masa wane kirifto zai saya gobe, kada ma ya ƙona datarsa a nan. Darasin "Blockchain and Money", wanda makarantar kasuwanci ta Sloan da ke MIT a Amurka ta gabatar a ƙarshen 2018, an yi shi ne domin mai son sanin inda fasahar bulokcen (kundin ciniki da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa) ke da amfani a harkar kuɗi, da inda ake cusa ta ba gaira ba dalili. Kyauta ne a shafin OpenCourseWare da kuma YouTube: bidiyo sama da 20, kowanne ya haura awa ɗaya, tare da abubuwan karantawa da tambayoyin nazari. Babu takardar shaida, babu mai duba maka aiki.

Malamin shi ne Gary Gensler, wanda ya shugabanci hukumar CFTC, mai sa ido kan kasuwannin cinikin gaba na Amurka, daga 2009 zuwa 2014, daga baya kuma ya riƙe hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar hannun jarin ƙasar, daga 2021 zuwa Janairun 2025. Ana ganin wannan a yadda yake koyarwa. Idon mai sa ido a kasuwa gare shi, kowace da'awa sai ya nemi hujjarta.

Zaman farko-farko su ne ƙashin bayan darasin, kuma nan ne kai ke ɗaukar zafi. Shawarata, kafin ka buɗe su ka karanta takardar da Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, ya fitar ranar 31 ga Oktoban 2008. Shafi 9 ce kacal. Sannan kada ka tsaya ga kallo. Da ka ji bayanin hash, wato tambarin lissafi da ake fitarwa daga kowane rubutu, nemi manhajar SHA-256 mai fitar da shi a intanet, rubuta jimla ɗaya, za ta fitar maka da haruffa da lambobi 64. Sauya wasali ɗaya, kusan duka 64 ɗin su hargitse. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa ba a iya gyara tsohon bulok, wato ƙunshin bayanan ciniki, a ɓoye, domin kowane bulok yana ɗauke da hash ɗin wanda ya gabace shi.

Bayanin yadda Bitcoin ke riƙe lissafi ya fi komai burge ni. Babu wani asusu mai ragowar kuɗi irin na banki. Abin da ke walat ɗinka guntaye ne da aka taɓa turo maka, kuma kowane guntu gaba ɗayansa ake kashe shi, kamar ka miƙa wa mai shago dubu ɗaya ya ba ka canji. Idan guntunka 0.5 ne ka tura 0.1, sauran zai dawo maka a matsayin sabon guntu bayan an cire ladan masu haƙa, wato masu kwamfutocin da ke shigar da ciniki cikin bulok. Ladan nan kuwa da girman bayanan cinikin ake auna shi, ba da yawan kuɗin ba. Shi ya sa mai tattara ƙananan guntaye 40 zai iya biyan fiye da wanda ya tura dukiya mai yawa daga guntu ɗaya. Buɗe shafin mempool.space, mai nuna cinikin Bitcoin, ka bi ciniki biyu ko uku da idonka, ka ga abin da ya shiga da abin da ya fita.

Sai ɓangaren kasuwanci: biyan kuɗi, manyan bankunan ƙasa, kasuwannin musayar kirifto, daidaita ciniki bayan saye da sayar da hannun jari, kuɗin shigo da kaya, shaidar mutum ta dijital. A kowanne tambayar ɗaya ce. Wace tsadar tantancewa wannan tsari zai rage, kuma me ya hana rumbun bayanai na yau da kullum yin aikin? Idan kamfani ɗaya ne ke rubuta bayanan, kuma kowa ya yarda da shi, bulokcen ƙarin wahala ne kawai, tunda Bitcoin bulok ɗaya yake fitarwa a kusan minti 10, ciniki kamar 7 a daƙiƙa. Ma'aikacin banki ko ɗan kasuwa da ya riƙe wannan tambayar, da wuya a yi masa romon baka da takardar neman jari mai ƙyalƙyali.

Matsalar darasin ita ce shekarunsa. A 2018 ladan haƙar bulok Bitcoin 12.5 ne, tun Afrilun 2024 ya koma 3.125. Ana maganar Ethereum, wani bulokcen daban, a kan tsarin shaidar aiki (tabbatar da ciniki ta hanyar haƙa), alhali ta koma shaidar jingina (tabbatar da shi ta hanyar jingine kirifto) a Satumban 2022. An ba tara jari ta ICO, wato sayar da sabon kirifto ga jama'a, lokaci mai yawa saboda ita ce yayin wancan zamani, yanzu kuwa ta kwanta. Rushewar kirifton Terra a Mayun 2022, da ta kasuwar musayar kirifto ta FTX a Nuwamban 2022 wadda ta nuna abin da ke faruwa idan ka bar mabuɗin walat ɗinka a hannun wani, duk bayan darasin suka auku. Kirifto mai ɗaure da dala irin USDT, wanda shi ne abin da 'yan kasuwarmu suka fi taɓawa, bai samu kason da ya cancanta ba. Ba za ka koyi cewa tura USDT ta layin bulokcen da walat ɗin mai karɓa ba ya ɗauka na iya salwantar da kuɗin ba.

Dokokin da ake tattaunawa ma galibi na Amurka ne. Ɗalibi a Najeriya sai ya haɗa da nasa: umarnin CBN na Fabrairun 2021 da ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto, ƙaddamar da eNaira a Oktoban 2021, sassaucin Disamban 2023, da dokar zuba jari ta 2025 da ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin SEC ta Najeriya.

Turancin na aji ne, da yawan tambaya da amsa tsakanin malam da ɗalibai, don haka kunna rubutun ƙasan bidiyo. Zama biyu a mako ya isa, in har za ka yi karatun da aka ɗora wa kowanne kafin kallo. Wanda ke son koyon rubuta manhajar yarjejeniya mai aiwatar da kanta sai ya nemi wani darasin daban, domin wannan ba ya koyar da ita.