Takalmin hawan dutse na gwanjo da na gwada a duwatsun Zuru

Takalmin nan a gwanjo na saye shi, a babbar kasuwar Birnin Kebbi wajen masu baza takalma a ƙasa. Mai shi ya fara da dubu 25, muka yi ta ja-in-ja har ya sallama a dubu 17. Irin mai dogon wuyan nan ne da ke rufe idon sawu, samansa fata da wani yadi mai kauri, ƙasansa roba mai manyan haƙora kamar tayar babur. Sunan kamfanin ma ya goge, kan wani tsuntsu kawai ya rage a harshen, don haka kar wanda ya tambaye ni ƙirar ina ne.

Kafin in sa shi sai da na kai wa shumeka ya zagaye shi da ɗinki, dubu ɗaya da ɗari biyar. Kar ka ji ƙyashin wannan kuɗin. Takalmin gwanjo ya daɗe a ajiye, gam ɗinsa ya bushe, a ido za ka gan shi garau amma rana ɗaya a kan dutse mai zafi sai ka ga ya buɗe baki yana maka dariya.

Mu huɗu muka tafi a motar abokinmu, ƙarshen Disamba, muna idar da asuba muka ɗau hanya. Kalgo, Jega inda muka tsaya shan shayi, Maiyama, Koko, daga nan muka karya ta Mahuta zuwa Dabai har Zuru. Sai da muka kira abokinmu ɗan garin ya tabbatar mana hanya lafiya kafin mu taso, kuma ya ja kunnenmu kar mu kuskura dare ya same mu a hanya, ai kowa ya san halin da yankin ya shiga a shekarun nan. Ni da na tashi cikin fadamar shinkafa, inda ko tudun kirki babu, da duwatsu suka fara ɓullowa gefen hanya wallahi ƙauyanci na dinga yi ta taga.

Washegari da sassafe muka hau. Wani dattijo maƙwabcin su abokinmu shi ya yi mana jagora, yana tafe yana ba mu labarin yadda kakanninsu Lelna, waɗanda mu muka fi sani da Dakarkari, suka zauna a kan duwatsu don tsira daga mahara kafin a sauko ƙasa. Da silifas ɗin roba yake tafiya kuma ko haki ba ya yi. Direbanmu ya ga haka ya ce to me ye amfanin wannan jibgegen abin da na ɗaura wa ƙafata, shi ma da silifas ya zo. Ba mu yi rabin tafiya ba hancin silifas ɗinsa ya tsinke, dattijon ya dube shi ya ce, "Yaro, ƙafar ce ta san dutsen, ba takalmin ba." Da igiyar jakar kyamara aka ɗaure masa shi.

To a hawa dai gaskiya takalmin ya fitar da kuɗinsa. Abin da ke ka da mutum a irin dutsen nan ba tsayinsa ba ne, busasshiyar ciyawa ce da ƴan tsakuwan da ke kwance a kan falalen, kana takawa su gangara da kai. Robar nan tana kama dutse kamar an liƙa ta, sau biyu ƙafata na faɗawa tsakanin duwatsu tana son gurɗewa wuyan takalmin ya riƙe ta. Inda na fi jin daɗinsa ma wajen ɗaukar hoto ne, don in kana tsaye a gangare kuma hannuwanka biyu na kan waya ba ka da abin dafawa sai ƙafarka. Akwai wani lungu da na raɓa na ɗauki gari daga sama, rumbunan ƙasa da gonakin dawa da aka girbe, mai kyamarar cikinmu da ya zo da kambas mai sulɓi ya leƙa ya ce shi yana da iyali, ya koma baya. Hoton bai ma fito yadda nake so ba saboda hazo ya shafe nesa fat, na kusa ne suka yi kyau, musamman kafin ƙarfe tara da rana ba ta yi ƙarfi ba.

Yanzu ga inda ya ba ni haushi. Takalmin nan don ƙasar sanyi aka yi shi, ciki duk soso ne. Da safe cikin sanyin hunturu daɗi, amma rana na take tsaka ƙafata ta koma kamar an sa ta a tukunyar ɗumame, safa ta jiƙe sharkaf. Da azahar ta yi kowa ya zare nasa ya yi alwala cikin minti biyu, ni ina zaune ina fama da igiya ga ƙarangiya ta cika ta tana sukar yatsu, har suka gaji da jirana suka ta da salla na bi su a raka'a ta biyu. Yana da nauyi kuma, sai wajen dawowa za ka san da haka.

Saukowa ita ta fi ba ni wuya, amma a nan laifina ne. Lamba 43 nake sawa, na sayi 43 cif, da siririyar safa na gwada shi kuma da safe. Ashe ƙafa tana kumbura in an daɗe ana tafiya, sannan a gangare duk nauyinka gaba yake turawa, babban yatsana ya yi ta dukan bakin takalmin tun daga sama har ƙasa. Dattijon ne ya lura ina ɗingishi, na ce, "Baba, yatsa ne," ya ce in ƙara tamke igiyar wajen wuya kuma in dinga saukowa a kaikaice. Ya rage, amma farcen ya riga ya yi baƙi, yanzu sati uku ke nan yana shirin fita. Duk mai son saye ya ƙara lamba ɗaya, ya je kasuwar da yamma da safa mai kauri a aljihu.

A hanyar dawowa na cire shi a mota wajen Mahuta, ba a yi minti ɗaya ba aka tsaya aka jefa shi but, ni kuma aka ce in fitar da ƙafa ta taga. Direban da ya fi kowa zaginsa shi ne jiya ya kira ni wai in raka shi wajen mai gwanjon ranar Asabar, 45 yake nema.