Labarin tafiyarmu Biyana, da inda kuɗin suka zurare

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da su Ummi. Ka tambayi yadda tafiyarmu ta ɗalibai daga Hangari zuwa Biyana, babban birnin Ostiriya, ta kasance, da ko abin da ka turo ya isa. Ya isa da ƙyar, amma ba inda muka zata kuɗin suka zurare ba.

Shirin bai ba mu wahala ba. Hangari da Ostiriya duk suna yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, don haka katin izinin zamanmu na Debrecen, garin da muke karatu a Hangari, da fasfo sun wadatar, babu neman biza. Muka haɗa kuɗi a hannun wata 'yar ajinmu ta sayi tikitin jirgin ƙasa ta intanet. A nan tikiti ba ya jiran mutum: idan rana ta matso, kuɗinsa ya hau. Biyu daga cikinmu da suka tsaya sai gobe sai jibi, a aljihunsu suka ji. Sai batun canji, tunda mu forint muke kashewa, su kuma Yuro. 'Yan canjin tasha yankan da suke yi ba kaɗan ba ne, gara mutum ya biya da kati.

Daga Budapest, babban birnin Hangari, zuwa Biyana bai kai awa uku ba. Babu shinge, babu "sauko a duba kaya". Saƙon barka da zuwa da ya shigo wayata ne ya sanar da ni mun tsallaka iyaka. Layina na Hangari ya ci gaba da aiki ba ƙarin ko sisi, domin tun 2017 Tarayyar Turai ta soke wannan caji. Na tuna yadda kake sauya layi duk sanda za ka shiga Maraɗi.

Ruwa kuwa sai wanda ya sha. Na famfo ne, daga duwatsun Alps ake jawo shi ta hanyar da aka buɗe tun 1873, sanyi ƙalau, ga famfunan sha a bakin titi kyauta. Amma ka matsu ka nufi banɗakin tasha, sai ka ga ƙofa tana jiran tsaba ko kati. Buta kuma babu ita ko ta magani, gorar roba ce ta rufa mana asiri. Ita ma gorar ba a yar da ita, akwai santi 25 a kanta da inji ke mayar maka idan ka kai ta kanti.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa babu mai tare ka a ƙofa, ka shige kawai. Wani ɗan Legas da ke cikinmu har ya fara murna, sai aka gaya masa masu duba tikiti cikin kayan gida suke shigowa, tarar kuma ta haura Yuro 100. Shi ya fara zuwa layin saye. Da jirgin muka je babban masallacin Floridsdorf, kusa da kogin Danube, wanda aka buɗe a 1979.

Abinci ne ya kwashe mu. Duk abin da hannun mutum ya taɓa a garin nan tsada gare shi, daga shayin gidan shayi har farantin shinkafa. Ranar Asabar mun samu sauƙi a kasuwar Brunnenmarkt, inda Turkawa ke sayar da naman halal da burodi mai zafi, har kuɓewa na gani an jera, kan kilo, ba kashi-kashi ba, kuma ba a tayi. Mun yi niyyar sayen kayan girki ranar Lahadi mu dafa a masauki, sai muka tarar da kantuna a garƙame. Doka ce, ko nawa ka riƙo. A Budapest ana buɗewa, shi ya sa ba mu kawo haka a ranmu ba. Sai wani kanti a tashar jirgi, layi har waje, muka ƙare da burodi da ƙwai da gwangwanin kifi, yajin da na tafi da shi ya zagaya kowa har ya ƙare.

Don haka idan an samu mai tahowa, a taimaka min da yaji da kuka. Kilishi kam kada a sa, ba a barin nama ya shigo daga wajen Turai, a filin jirgi za a ƙwace. A gaida Hajiya, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a, jarrabawa ta matso.