Chebe da man karkar: abin da suka yi wa bakin gashina

Masu tallar chebe, garin gyaran gashi, a Instagram sun cika baki. Wai yana tsirar da gashi, wai yana ɗinke bakin gashin da ya tsage. Na yi amfani da shi tun kafin shigowar hunturu har ya fita, don haka ina da abin faɗa.

Gashina ya wuce tsakiyar baya, gadon kakata ce ta wajen uwa. Gindinsa lafiya lau, damuwar a baki take: ya bushe, ya yi ja-ja, kowane sili ya rabu biyu, in na taje sai guntaye su cika mataji. Ba abin mamaki ba ne. Gashi yana ƙaruwa da kamar santimita 1 da ɗoriya a wata, ke nan bakin gashi mai tsawon santimita 50 ya haura shekara 3 yana shan kitso da shamfu da gogar hijabi, kuma maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya isa can ƙasa.

Nawa na saye shi a hannun wata 'yar Shuwa daga Maiduguri da ke sayarwa a gida a nan Kano. Asalinsa daga Chadi yake, inda mata ke soya 'ya'yan itacen chebe su daka da kanumfari da mahalab da ƙaro. Gari ne mai launin ƙasa, yana ƙamshin kanumfari da ɗan ƙauri. Man karkar ɗin kuwa man riɗi ne da kakin zuma da kitse. Da za ta miƙo mini ta ce, "Hajiya, don Allah kar ya taɓa fatar kai. Daga tsakiya zuwa baki kawai." Gaskiya ta faɗa, domin garin yana taruwa a gindin gashi ya kawo ƙaiƙayi, balle ga mai amosani.

Aikin ba wuya, sai dai cin lokaci. Ki ɗan jiƙa gashin da ruwa, ki kwaɓa garin da man, ki bi shi kashi-kashi kina shafawa, sannan a kama miki manyan kalaba. Bayan 'yan kwanaki ki warware ki ƙara. Ruwan nan na farko kar ki raina shi. Mai ba ya jiƙa gashi, rufe danshin da ya tarar yake yi, in kika shafa a busasshe kin rufe bushewa ne kawai.

To me na gani? Karyewa ta ragu sosai, wannan kam ba zan hana shi ba. A tsakiyar Janairu, lokacin da leɓe da diddige ke tsagewa, bakin gashina yana nan da laushi, mataji yana wucewa ba gardama. Ina ganin nan sirrin matan Chadi yake: gashin ba sauri ya ƙara ba, daina zuba ya yi, sai tsawon ya zauna.

Amma silin da ya riga ya tsage yana nan a tsage. Man ya kan manne shi ya kwanta luf, ranar wankin kai ya sake buɗewa. Gashi ba fata ba ne da zai warke. Sai da mai kitsona ta sa almakashi mai kaifi ta rage kamar faɗin yatsa biyu, ina ta ƙorafi tana dariya, sannan chebe ya samu lafiyayyen baki da zai tsare.

Sai ƙazanta. Ya ɓata mini rigar filo, ya bar tabo a cikin farin hijabi, garin kuma yana zuba a wuya. Yanzu sai na sa hular siliki kafin ɗankwali. Wankewa ma sai an yi shamfu sau biyu, kuma maigida bai taɓa son ƙaurin ba, ko da na bi da humra.

Zan sake saye, amma na hunturu kaɗai. Da zafin Afrilu maiƙon ya yi nauyi, man kaɗanya ya ishe ni. In za ki saya, ki murza garin tsakanin yatsu tukuna. Wanda bai daku ba yana da tsakuwa-tsakuwa, sai kin tankaɗe shi da rariya kafin ya kusanci gashinki.