Ledar shara mai ruɓewa: tana aiki, amma da sharaɗi

Ledar da ake sayarwa da sunan mai ruɓewa ta zama taki ta bambanta da wadda aka saba da ita tun daga taɓawa. Tana da laushi da santsi, ba ta yin ƙara idan an murza ta, kuma tana ɗan warin sitaci. Wadda na yi amfani da ita a kwandon sharar kicin an haɗa ta ne da sitacin masara da wani nau'in roba mai suna PBAT, wanda galibi daga man fetur ake samar da shi, ko da yake hoton ganye da koren launin da suka mamaye kwalin ba za su bari mai saye ya yi wannan tunanin ba.

Idan sharar busasshiya ce, ledar tana riƙewa ba tare da matsala ba. Jiƙaƙƙen ɓawo da ragowar abinci kuwa suna sa ta yin gumi, gindinta ya yi laushi, ta yadda idan aka bar ta ta daɗe a kwando sai an tallabo ta da hannu biyu kafin a fitar. Haka kuma naɗin da aka ajiye a wuri mai zafi da laima yakan fara tsagewa tun kafin a kai ga amfani da shi, saboda haka sayen ta da yawa domin ajiya asara ce.

Babban abin dubawa shi ne inda ledar za ta ƙare. Ma'aunin Turai na EN 13432, wanda lambarsa ke jikin kwalin, ya tanadi cewa kashi 90 cikin ɗari na ledar ya ruɓe cikin wata 6, amma a masana'antar sarrafa taki inda zafi ke kaiwa kusan digiri 58 a ma'aunin Selsiyus. Juji ba ya samar da wannan yanayin. Masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun wallafa a 2019 cewa irin wannan leda ta ɓace a ruwan teku cikin wata 3, amma wadda aka binne a ƙasa tana nan bayan wata 27, wasu ledojin masu tambarin ruɓewa kuma sun iya ɗaukar kaya bayan shekara 3. Idan kuma aka jefa ta cikin robar da za a sake sarrafawa, ɓata ingancin sauran take yi, alhali ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arzikin ƙasashe ta OECD ta ƙiyasta cewa kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya.

A ganina ledar ta cancanci kuɗinta ga wanda ake kwashe masa sharar abinci daban ana kai ta wurin yin taki, domin nan ne kaɗai take cika alkawarinta. Wanda shararsa ke tafiya juji gaba ɗaya, gara ya rage yawan ledar da yake amfani da ita. Kuma a kula kada a rikita ta da wadda ake kira oxo, wadda marmashewa kawai take yi ta koma ƙananan ɓarɓashin roba, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta ta tun daga Yulin 2021.