Ƙanena, ga labarin ƙaramin jirgin da ka gani a hoto

Salamu alaikum ƙanena, ina gida, ina su Inna, ya zafin Tawa. Tun ranar da na turo hoton jirgin nan kake tambayata wai saye na yi ko ni na haɗa, kuma ko za a iya yin irinsa a gida, to yau Lahadi ba aiki bari in zauna in ba ka labarin a tsanake.

Ni na haɗa shi da hannuna, sati uku ina kansa bayan na taso daga aiki. Sunansa Catalina, jirgin Amurka ne mai inji biyu da ke sauka bisa ruwa, ya fara tashi a 1935 kuma ya yi aiki sosai a yaƙin duniya na biyu wajen neman jiragen ƙarƙashin teku da tsamo matuƙan da suka faɗa ruwa. Irinsa ne ya hango babban jirgin yaƙin Jamus Bismarck a watan Mayu 1941 bayan ya ɓace ma Ingilishi. Na gaskiyar faɗin fikafikansa ya kusa mita 32, nawa kuwa an rage shi sau 144, shi ya sa ya dawo santimita 22 kawai, kusan taƙi guda.

Abin da ya ja ni gare shi, nan Faransa kusa da birnin Marsey akwai wani babban tafki da ake kira Berre, a kansa ne wani Bafaranshe Henri Fabre ya fara tada jirgi daga bisa ruwa a 1910. Ran nan da rani kuma na ga jiragen kashe gobarar daji, Canadair masu launin rawaya da ja, suna shafar ruwa a guje su kwashi wajen lita 6000 su tashi ba tare da sun tsaya ba, wallahi tsigar jikina ta tashi, sai na tuna tafkin Tabalak, na ce da za a ga irin wannan ya sauka can da duk garin ya fito.

To maganar kaya da ka tambaya. Nan akwai butik da ba ya saida komai sai wannan sana'a, kwalaye har rufi, Heller na Faransa, Airfix na Ingila, Revell na Jamus, Tamiya na Japan. Ka buɗe kwali ka tarar da guntayen roba a jere kowane da lambarsa, da takardar da ke nuna maka wanne ke bin wanne. Nawa na saye shi yuro 20, wajen jikka 13 ke nan tunda yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai. Fenti kuma shi ne ya fi ba ni mamaki, ƴan kwalabe ne kamar na maganin ido, kowace wajen jikka 2, shuɗi kaɗai ya fi kala goma, kuma da ruwa ake sirka shi ba da isansi ba, ba wari, cikin minti kaɗan ya bushe. Mu can fentin ƙofa da na mota muka sani, in ka kuskura ka shafa na mota da tina a kan wannan robar cinye ta zai yi ta yamutse. Haka gam ɗin ma, nasu narkar da bakin robar yake yi kaɗan sai gefe biyu su zama abu ɗaya kamar walda, shi kuwa sufa gulu da muke saye a tebur in ya kusanci gilashin matuƙi sai ya yi fari fat kamar hazo, kuma gyara shi da wuya.

Wurin da na fi daɗewa shi ne fikafiki. Na Catalina a saman jiki yake zaune bisa wani ginshiƙi da sanduna biyu kowane gefe, siraran gaske kamar tsinken sakace, sai da na jera littattafai na tallabe shi ya kwana a haka don kada ya karkace. Da safe na sa farin shafe na farko, sannan shuɗi mai duhu a sama, fari a ciki, na bi layukan jiki da baƙin fenti mai ruwa-ruwa ya shige cikin tsagogi, sai ga ƙofofi da ƙusoshi sun fito. Taurarin jikinsa a takarda suke zuwa, ka jiƙa a ruwa su sulɓe ka ɗora da bakin burushi kana riƙe numfashi. Ina yi ina tuna lokacin da muke fere ɓargon karan dawa da reza muna yin mota a zauren Baba, muna soke ta da ƙaya, hannun nan dai shi ne, can na koye shi.

Ranar Juma'a da dare mu masu haɗa jiragen nan muke haɗuwa don mu yi wasa da su a wani ɗaki da magajin gari ke ba ƙungiyoyi aro, a shimfiɗa shuɗin ƙyalle bisa babban tebur a matsayin teku, kowa ya fiddo jiragensa, ana auna tafiya da mita irin ta tela ana jefa ɗan ludo. Ka faɗa ma Inna ba caca ba ce, ko dala ba a sawa, dabara ce kamar dara. Akwai tsoho ɗan shekara saba'in a cikinmu akwai ɗan lakwal, kuma tsohon nan ya ɗauki jirgina ya juya shi ya daɗe yana kallon cikinsa kafin ya tambaye ni inda na koya.

Amma kada ka ɗauka komai nan ya fi. Na sayi ƴar na'urar fesa fenti ta hannu, wata biyar injin iskarta ya tsaya, na kai inda na saya suka ce tunda na ɓatar da rasit ba ruwansu, gyara kuma kuɗin duba ta kaɗai ya kusa kuɗin sabuwa, wai in jefar. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. A Tawa da na miƙa ma mai gyaran firji a bakin kasuwa kafin la'asar ya buɗe ta ya yanka robar tayar moto ya sa mata, mu sha shayi in ba shi abin da ya samu. Nan kaya sun cika amma mai taɓa maka su da hannu tsada gare shi, sai ka yi alƙawari kuma ka jira sati biyu. Har yanzu tana ƙarƙashin gado, na rantse sai na zo da ita gida an tada ta.

Game da yin irinsa can, za a iya, sai dai zafi da ƙura ne matsala. A zafin Afrilu fentin nan a bakin burushi zai bushe maka, sai ka yi aikin da asuba ko bayan isha, ka jiƙa tsumma a faranti ka ɗora takarda ka zuba fentin a kai, in ka gama ka kife roba bisa jirgin saboda ƙura. Na riga na sayo kwali biyu da burushi uku da kala shida na ajiye ma yaranka, zan ba wanda zai zo bayan Sallah ya riƙo. Ka fara da babban yaron, ka bar shi ya yanka da kansa ko zai ɓata, kuma ka turo mini hoton abin da ya yi. A gaida Inna, a ce ta sa mini albarka.